Fatalwa, Dannau da Wutar Fadama: Waiwaye a Tarihin Tsoronmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Masanin fake da bayyane. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

 Cikin tambayoyin da ɗalibai ke kawo mini a Islamiyya, babu wadda ke maimaituwa kamar wannan: shin mamaci yana dawowa? Na kuma lura matasanmu sun kasu gida biyu a kan mas'alar. Akwai waɗanda duk labarin da aka ba su na farin abu a bakin maƙabarta sai su haɗiye shi ba tauna, suna ganin shakkarsa raunin imani ne. Akwai kuma waɗanda suka ɗan leƙa ajin kimiyya, suka fito suna yi wa komai dariya, har da aljanin da Allah Ya saukar da sura sukutum da sunansa. Magabatanmu kuwa sun bi wata hanya dabam da waɗannan biyun tun fiye da shekara dubu, kuma tarihin ƙasarmu ta Haɗejiya da maƙwabtanta yana da abin cewa a kai.

Tun kafin Musulunci ya yi jijiya a ƙasar Hausa, Bahaushe yana da kalmominsa na abin da ido bai cika gani ba. Akwai kurwa, wato ran mutum da aka ce maye na iya kamawa. Akwai iskoki, masu zama a tsamiya da kuka da suri da bakin ruwa. Sai kuma fatalwa, wato mamacin da ya dawo yana yawo cikin rayayyu. Wani Ba'amurke masanin harsuna, Joseph Greenberg, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya fitar da littafinsa a 1946. Ya tarar addininsu kacokan ya ginu ne a kan iskoki, farfaru da babbaƙu, da yankan da ake yi musu, ya kuma nuna yadda cuɗanya da Musulmi ta sa aka riƙa ɗaukar iskokin nan su ne aljannun da Alƙur'ani ya ambata. A nan, a ganina, tushen ruɗaninmu yake. An ɗauki kayan tsohuwar al'ada an zuba su cikin sabon buhu mai sunan Larabci, sai wanda ya zo daga baya ya kasa bambance abin da wahayi ya tabbatar da abin da kakanni suka gada.

Larabawan jahiliyya ma suna da tasu fatalwar, suna kiranta hama. Sun yi imani cewa idan aka kashe mutum ba a ɗaukar masa fansa ba, wani tsuntsu mai kama da mujiya zai fito daga ƙoƙon kansa, ya riƙa kuka a kan kabarinsa yana neman a shayar da shi, ba zai yi shiru ba sai an zubar da jinin wanda ya kashe shi. Dubi aikin da wannan camfi ke yi: shi ke hura wutar gaba tsakanin ƙabilu shekara da shekaru. Annabi (SAW) ya kore samuwar hama a hadisin Abu Huraira (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Imam Nawawi ya kawo fassara biyu ga kalmar: ko dai camfa kukan mujiya, ko kuma ƙudurce cewa ruhin mamaci ko ƙasusuwansa na rikiɗa su zama tsuntsu. Abin mamaki, duka biyun suna nan a unguwanninmu har yau. Aya ta 99 da ta 100 a Suratul Mu'minun kuwa ta rufe ƙofar baki ɗaya, inda ta bayyana cewa mai mutuwa zai roƙi a mayar da shi duniya, a ƙi, kuma akwai shamaki na barzahu a bayansu har ranar tashi.

Idan akwai garin da ya dace a gwada wannan magana a kansa, to Haɗejiya ce, domin ƙasarta ta sha jini. A zamanin Sarki Buhari, tsakanin 1848 da 1863, yaƙe-yaƙe ba su ɗauke ba a wannan yanki. Sannan ga abin da ya faru a 1906. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Haɗejiya ba ta sunkuya musu yadda suke so ba. Da suka gama murƙushe mutanen Satiru a watan Maris na 1906, sai Lugga ya turo runduna ƙarƙashin Kanar Lowry Cole. A ƙarshen watan Afrilu aka gwabza a cikin gari, masu takobi da mashi a kan dawaki suna fuskantar igwa da bindiga mai ruwa. Sarki Muhammadu, wanda ke kan gadon sarauta tun 1885, ya faɗi a wannan rana tare da wasu daga cikin 'ya'yansa da manyan jarumansa da jama'a masu yawa. Da a ce ruhin wanda aka kashe bisa zalunci yana dawowa neman fansa kamar yadda jahiliyya ta ɗauka, da babu mai iya runtsawa a cikin ganuwar garin nan.

To amma dubi sunan da mutanen Haɗejiya suka ba sarkinsu: Mai Shahada. Ni ina ganin wannan laƙabi shi kaɗai fatawa ce. Masu raɗa shi sun san aya ta 169 a Suratu Ali Imrana, wadda ta ce shahidai rayayyu ne, amma a wurin Ubangijinsu, ana arzuta su a can. Sun kuma san labarin Jabir ɗan Abdullahi (RA), wanda aka kashe mahaifinsa a yaƙin Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ba shi labarin mahaifin nasa ya roƙi Allah Ya dawo da shi duniya don a sake kashe shi saboda Allah, aka amsa masa cewa hukunci ya riga ya gabata, ba a komawa. Idan shahidin Uhudu ya nemi dawowa don aikin alheri bai samu ba, ta yaya za a buɗe wa wani ƙofa don ya zo ya tsaya a lungu yana firgita masu dawowa daga sallar isha'i? Shi ma Kyaftin Phillips, Baturen da mutanen gari suka laƙaba wa Mai Tumbi, a nan ya mutu a wannan shekara, kabarinsa na nan har yanzu, kuma shi ma yana can inda aikinsa ya kai shi.

To idan mamaci ba ya dawowa, me mutane ke gani? Domin ba zan ce duk mai ba da labari maƙaryaci ne ba. Aljani gaskiya ne, mai musun samuwarsa ya ƙaryata Alƙur'ani, kuma hadisin Abu Huraira (RA) da ɓarawon zakkar fidda kai a Sahihul Bukhari ya nuna shaiɗan na iya bayyana a siffar mutum. Sai dai aya ta 27 a Suratul A'araf ta nuna cewa asali su ke ganinmu, mu ba ma ganinsu. Saboda haka tsakanin cewa "aljani akwai shi" da cewa "abin da na gani jiya aljani ne" akwai tazara, kuma ba a tsallake ta sai da hujja. Annabi (SAW) da kansa ya koya mana haka ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu a shekara ta 10 bayan Hijira. Rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ce. Fassara ce mai ɗaukaka shi, ga shi kuma cikin baƙin ciki, amma ya hau mumbari ya yanke alaƙar: rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Malaman farko sun ɗora a kan wannan. Al-Jahiz na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya kawo a Kitabul Hayawan bayanin malaminsa An-Nazzam game da dodon sahara da Larabawa ke kira gul. Ya ce mutumin da ya daɗe shi kaɗai a daji, ba abokin hira, ga dare ga tsoro, wasiwasi na kama shi, ƙaramin abu ya zame masa babba, amsa-kuwwa ta zame masa murya. Sai ya dawo ya tsara waƙa a kai, yara su tashi da waƙar a bakinsu, ranar da ɗayansu ya ratsa dajin da dare, kukan mujiya ɗaya ya ishe shi ya ga gul da idonsa. Na san su biyun Mu'utazilawa ne, kuma ba a wurinsu muke ɗaukar aƙida ba, amma wannan lura ce da kowane mai hankali zai gaskata. Masanin tarihi Al-Mas'udi ma ya kawo irinta a Murujuz Zahab game da muryoyin da matafiya ke ji. A nan gida kuwa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausan inkari a Nurul Albab ga masu girmama itatuwa da duwatsu suna yi musu yanka. Ɗansa Muhammadu Bello ya rubuta littattafai a kan magani, har da na ciwon basur. 'Yarsa Nana Asma'u ta tura jajis ƙauyuka suna janye mata daga bori zuwa karatu. Gida ɗaya ya yaƙi camfi, ya kuma koyar da magani da addu'a tare.

Mu dawo fadamarmu. Kogin Haɗejiya, bayan ya baro ƙasar Kano, yana bajewa ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa har zuwa Nguru, ya bar tafkuna da laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canza, kachala ta cika hanyoyinsa, ruwa na kwanciya inda da yake wucewa. Masunta da makiyaya sukan ba da labarin wata wuta da ke lilo a saman ruwa da dare, wadda idan ka nufe ta sai ta gusa, a ce ta aljannu ce. Turawa ma sun daɗe da irin wannan labari a nasu fadamun, suna cewa rayukan matattu ne ke yawo da fitila. A 1776 wani masani ɗan Italiya, Alessandro Volta, ya caccaki lakar bakin tafkin Maggiore da sanda, ya tara kumfar da ke tasowa a kwalba, ya tarar tana kamawa da wuta. Ita ce iskar gas da ake kira mitan, wadda ake samu daga kashin shanu har a yi girki da ita. Duk yaron da ya taɓa taka lakar fadama ya ga kumfa na ɓulɓulowa ya ga wannan iskar. Sai dai tambaya ta daɗe ba amsa: wa ke ƙyasta mata ashana? Sai a 2025 wasu masana, cikinsu har da Richard Zare na Jami'ar Stanford a Amurka, suka nuna a ɗakin gwaji cewa ƙananan kumfa na iya ɗaukar cajin lantarki, tartsatsi ya tashi a tsakaninsu ya sa iskar ta ba da haske. Ban ce duk hasken da aka gani a fadama shi ne wannan ba, don akwai fitilar masunci daga nesa, akwai ƙwarin nan masu walƙiya da damina. Abin lura shi ne kusan shekara 250 aka yi ana bin tambaya ɗaya, ba wanda ya ce tunda ba a gano ba to lallai mamaci ne.

Wanda ya fi damun matasa, musamman ɗalibai, shi ne dannau. Mutum ya farka, idonsa biyu, yana ganin ɗakinsa, amma ko yatsa ba ya iya motsawa, ƙirjinsa kamar an ɗora dutse, yana son ya yi salati murya ta ƙi fita, wani lokaci ma ya ga inuwar mutum a bakin ƙofa. Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba kada ya raina tsoron da ke cikinsa. Likitocin Musulunci sun san shi da sunan kabus. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya sanya shi cikin cututtukan kai a littafinsa Al-Ƙanun, ya danganta shi da tururi mai kauri da ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa. Bayanin tururin bai tsaya ba a gaban binciken zamani, amma dubi babin da ya ajiye shi: babin cuta da magani. A 1953 wasu masana biyu a Jami'ar Chicago, Aserinsky da Kleitman, suka gano wani mataki na barci da idanu ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatarsu, wanda a cikinsa aka fi yin mafarki. Daga baya aka fahimci cewa a wannan mataki ƙwaƙwalwa na ɗaure gaɓɓan jiki, rahama daga Allah, don kada mai mafarkin gudu ya tashi ya faɗa rijiya. Dannau shi ne hankali ya farka kafin a kwance ɗaurin, ragowar mafarkin kuma ya zubo cikin ɗakin da kake gani. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike sama da talatin ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na jama'a sun taɓa samunsa, amma a tsakanin ɗalibai ya haura kashi 28. Ƙarancin barci, damuwa da kwanciya rigingine na cikin abubuwan da ke jawo shi. Mai raba dare yana latsa waya sai ya yi wa kansa hisabi.

Akwai wani bincike da ya fi ɗaukar hankalina. A 2013 Baland Jalal da Devon Hinton sun kwatanta masu dannau a Masar da na Denmark. A Masar, inda da yawa ke ɗaukarsa harin aljani ne, ya fi yawaita, kuma tsoron mutuwa a cikinsa ya fi tsanani. A Denmark, inda aka ɗauke shi abin jiki, ya fi sauƙi. Wato tsoro na hana barci, rashin barci na kawo dannau, dannau na ƙara tsoro. Da na karanta wannan sai na tuna aya ta 6 a Suratul Jinn. Balaraben jahiliyya idan dare ya riske shi a wani kwari, sai ya ɗaga murya ya nemi tsarin shugaban aljannun kwarin, Allah kuma Ya ba da labarin cewa hakan bai ƙara musu komai ba sai wahala da firgici. Wanda ya yi alwala, ya karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ya kwanta ta gefen dama da wuri kamar yadda sunna ta koyar, ya samu tsari daga shaiɗan, ya kuma samu natsuwar da likita ke nema masa.

Wannan duka a kan mutum ɗaya ne. Tarihinmu na kusa ya nuna abin da ke faruwa idan tsoron ya kama jama'a. A ƙarshen 1995 da farkon 1996, ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandaren gwamnati a Kano suka riƙa faɗuwa, suna sandarewa, suna ihu, wasu suna rawa irin ta finafinan Indiya. Aka ce wata aljana ce mai suna Sumbuka. Masu bincike irin su Susan O'Brien da Conerly Casey sun rubuta a kan lamarin, kuma daga wannan lokaci ne ruƙiyya ta bunƙasa a Kano, kaset-kaset na hira da aljannu suka cika kasuwa. Ba ni da ikon cewa babu shafar aljani ko a kan yarinya ɗaya daga cikinsu. Amma ya kamata mai karatu ya san cewa irin wannan ya faru a wuraren da ba su taɓa jin sunan Sumbuka ba. A watan Janairu na 1962, a makarantar 'yan mata ta Kashasha a Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, dariya da kuka marasa tsayawa sun kama ɗalibai 95 cikin 159 har aka rufe makarantar. A 1965 a garin Blackburn na Ingila, an kwashi 'yan mata 85 daga makaranta ɗaya zuwa asibiti saboda suma, ba a samu guba ko ƙwayar cuta ba. Likitoci sun san wannan yanayi: matsi da fargaba na taruwa a zukatan mutanen da ke zaune wuri ɗaya, su fito ta jiki, su yi naso daga mai gani zuwa mai gani. Ciwon na gaske ne, yaran ba wasan kwaikwayo suke ba. Abin da ya fi ba ni tsoro a irin wannan hali shi ne a ɗauki maganar da ta fito daga bakin yarinyar da ba ta cikin hayyacinta a kafa hujja da ita, a ce wance mayya ce. Idan ma aljani ne ke magana, wa ya ce shaidarsa karɓaɓɓiya ce? Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labarin fasiƙin mutum, balle na wanda ba ma gani.

Ga kuma abin da ake yawan mantawa. A daidai waɗannan watanni na 1996 annobar sanƙarau ta mamaye Arewa, ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe sama da 11,000. Alamominta su ne zazzaɓi mai zafi, sanƙarewar wuya, fizge-fizge da sambatu, wato kusan duk abin da jama'a ke kira bugun iska. Haka zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kan yaro, kuma mu mazauna bakin kogi mun san yadda yake ƙaruwa bayan ambaliya irin ta 2022. Haka farfaɗiya. Ibnul Ƙayyim, wanda masu ruƙiyya suka fi kafa hujja da shi, shi da kansa ya raba farfaɗiya gida biyu a Zadul Ma'ad: wadda ke zuwa daga miyagun ruhohi, da wadda ke zuwa daga lalacewar abin da ke cikin jiki, ya ce ta biyun ita ce fagen likitoci. Sanƙarau na iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma bai bar mu ba: a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare nau'i biyar na ƙwayar cutar, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da aka fara da su saboda ɓarkewar da aka samu.

Shi ya sa idan aka kawo mini yaro cikin dare ana neman tofi, jikinsa zafi rau, wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa, nakan karanta masa Fatiha da Falaƙi da Nasi, amma a kan hanya nake karantawa, muna cikin Keke Napep zuwa babban asibiti.

Allah ne Mafi sani.